Jakar Barcin da Baba Ya Kira Likkafani

Tun ranar da muka dawo ban huta ba. A majalisarmu ta ƙofar shagon tela, a ɗakin malamai na makarantar da nake koyarwa, har a gidan mai, tambayar ɗaya ce: "Malam Habu, wai da gaske ne ka saka Baba a buhu ka zaga da shi Roni da Gwiwa?" Na gaji da maimaitawa, kuma na lura kowa yana ƙara wa labarin gishiri. Jiya na ji wani yana rantsuwa wai har Nijar na tsallaka da shi a ɗaure. To ku zauna ku ji daga bakin wanda ya riƙe sitiyarin.

Mahaifina Bafulatani ne na gaske, ko da yake ya bar kiwo ya zauna cikin Kazaure tun ina ƙarami. Shanun sun tafi, amma kunyar tana nan daram. 'Ya'yansa mata uku suna gidajen aure: Ramatu a Roni, Zainabu a wani ƙauye na Gwiwa, sai babbar yayarmu, Adda Hauwa, can gaba da Babura, dab da iyakar Nijar. Adda ce 'yar fari, saboda haka ban taɓa jin sunanta a bakin Baba ba. In ta kama dole, sai ya ce "mutanen gabas". Shekara shida rabonsa da ita. Ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tafiya, shi kuma ko za a yanka shi ba zai ce yana son ganinta ba.

Da aka gama girbi, sanyi ya fara sauka, wata rana bayan la'asar ya ce, "Habu, motar nan taka tana da lafiya? Ina so in dubo yaran nan na Roni da Gwiwa. In hanya ta yi kyau, sai a leƙa Babura a ga kasuwa."

Tsohon da ya haura saba'in, me zai saya a kasuwar Babura? Duk gidan mun gane. Ba zai iya nufar gidan 'yar fari kai tsaye ba, sai an yi zagaye, a ce hanya ce ta biyo.

Matsalar ita ce kwana. Baba ba ya kwana a gidan surukai, ko a zaure, kuma ƙauyukan nan babu masaukin baƙi. Shi a ganinsa tabarma da gindin bishiya sun ishe shi, kamar zamanin da yake bin shanu. Ga shi shekara biyu da suka wuce sanyi ya kama masa ƙirji, sai da ya kwanta a asibiti. Inna ta ce atafau ba za a je ba. Da ƙyar na shawo kanta da cewa a cikin mota za mu riƙa kwana, tunda tsohuwar motata mai dogon baya ce, in an kwantar da kujerun baya mutum biyu za su miƙe.

Ta nuna ni da ludayin da ke hannunta ta ce, "Ka ji ni da kyau. Kullum da safe zan kira, shi za ka miƙa wa wayar. Na ji tari ɗaya, ɗaya tak, ku juyo gida. Ban damu da inda kuka kai ba."

Kun ga ke nan kwana biyu ne tsakaninmu da Adda, na Roni da na Gwiwa, kuma kowanne sai an wuce shi babu tari.

Bargo ba zai yi ba, don Baba yana ture shi da ƙafa cikin barci, kullum Inna ce ke mayar masa. Sai na tuna na taɓa ganin jakar barci, wato bargo mai zif wanda ake shiga ciki, a rumfar Ɗanlami mai gwanjo a kasuwa. Na same shi ya baje mini kala uku.

Ta farko shara-shara ce kamar zanen gado, arha kamar kyauta. Ta biyu mai faɗi ce daga sama har ƙasa, zif ɗinta ya zagaye ta, in ka zuge shi duka sai ta buɗe ta koma bargo. Ta uku kuwa, wayyo! Ja ce mai sheƙi, cike da gashin tsuntsu, ta tsuke wajen ƙafa, ga hula da ke rufe kai sai fuska kawai. Kuɗinta ya kusa cinye albashina.

Ɗanlami ya ce, "Malam, ni ɗan kasuwa ne, amma gaskiya wannan ta masu hawa duwatsun ƙanƙara ce. Tsadarta saboda ba ta da nauyi ne, ga masu goya kayansu a baya. Kai da mota za ta ɗaukar maka, ina ruwanka da nauyi? Sau nawa ma za ka kwana a waje a shekara? Ɗauki ta tsakiyar nan. Audugar roba ce a ciki, tana wankuwa, tana bushewa."

Ban saurare shi ba. Na ce ai ubana ne, sai wadda ta fi kowacce. Girman kai ne kawai, yanzu na yarda.

Na kai gida na shimfiɗa ta a tsakar gida ina jiran yabo. Baba ya fito, ya zagaya ta sau ɗaya, ya taɓa ta da sandarsa.

"Habu."

"Na'am, Baba."

"Likkafani ka sayo mini tun ina da rai? To ai ka cika gaggawa. Kuma fari ake yi, ba ja ba."

Inna ta yi salati ta ce in fitar mata da abin nan daga gida. Da na sake kallon jakar a shimfiɗe, ga kai, ga kafaɗa, ga ƙafafu a haɗe, wallahi ni ma sai da tsigar jikina ta tashi.

Washegari na koma da kunyata. Ɗanlami ya yi dariya har da buga cinya, amma ya karɓa. A wannan karon na nutsu ya koya mini duba kaya. Ya ɗaga ta tsakiyar ga rana, ya ce duk inda haske ya ratso, audugar ta dunƙule ta bar wurin, sanyi zai bi ta nan. Ya sa na ja zif sama da ƙasa sau da yawa, na shinshina ko ruwa ya taɓa jiƙa ta, na kuma shiga ciki a tsakiyar kasuwa don a ga ko tsawon ya isa, mutane suna ta kallo. Sannan ya nuna mini ɗan ƙyallen da ke ɗinke a gefe mai lambobin awon sanyi. Ya ce lambar sama ita ce sanyin da mutum zai yi barci lafiya a cikinsa, ta ƙasa kuwa tana nufin ba za ka mutu ba ne kawai, kada in bari ta ruɗe ni. Na zaɓi guda biyu, shuɗiya da koriya, har da canji mai kauri ya dawo aljihuna. A gida na buɗe shuɗiyar gaba ɗaya kafin Baba ya gani, na ce bargo ne. Ya ce to wannan da dama.

Mun isa Roni da hantsi, don ba nisa. Mijin Ramatu ya fito da gudu, ya tuɓe takalmi tun daga nesa ya durƙusa. Ya yi roƙon duniya a shiga ciki, ya ce an share ɗaki, an sa sabuwar katifa. Baba ya ce, "Madalla, Allah ya yi albarka. Nan ma ya isa." Na ajiye motar a gindin tsamiya bayan gidan. Nan aka kawo tuwon dawa miyar kuka da man shanu, da gyaɗa sabuwar cira. Baba ya juya wa gidan baya ya ci loma kaɗan, ni kuwa na ci nawa na ci nasa, don ni ba surukin kowa ba ne a nan.

Bayan isha'i na shimfiɗa tabarma a bayan mota. Na ce, "Baba, bari in ja maka zif ɗin, ko zuwa gwiwa ne." Ya ce ko kusa, ya gane wayona, ai ƙanwar waccan jar ce. Ya lulluɓa da ita a buɗe. Abin da ban sani ba shi ne, a mota sanyi ta ƙasa yake zuwa. Tabarma ce kawai tsakaninmu da ƙarfe. Ni da nake cikin tawa a zuge na ji shi a haƙarƙari, balle shi. Da asuba na tarar bargon nasa ya koma wajen ƙafafu, ya dunƙule, yana ta gyaran murya.

Wayar Inna ta shigo muna shan koko. Na miƙa masa. Suka gaisa. Can sai ya yi "ehem".

"Mene ne wannan?" Ina jin muryarta daga inda nake.

"Kokon yarinyar nan ne, ta cika masa citta."

Sai ta ce a ba ni. "Habu, wannan rabin tari ne. Gobe in na ji ɗan'uwansa, ka san sauran."

Hanyar Gwiwa ba ta yi mini daɗi ba, ba don ramuka ba, don tunani. Daga inda muka bar kwalta muka shiga burji, sai yashi ya riƙe mana taya a wani kwari. Wasu mata uku da ke kan hanyar tallar fura da nono suka sauke ƙoransu suka tura mu, suna yi wa Baba tsiya da Fulatanci wai ya zama ɗan birni. Ya saye furarsu duka don ya rufe musu baki.

A ƙauyen su Zainabu aka sake irin ta Roni: roƙo, godiya, gindin bishiya. Amma a nan Allah ya kawo mana Malam Modu, wani tsohon Babarbare mai sayar da kanwa, maƙwabcin gidan. Kun san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Tun kafin ya yi sallama ya ce, "A'a, wane ne ya kawo mini bawana har gida? Yaro, nawa zan ba ka ladan kamo shi?"

Baba ya ce, "Ji mai zanen fuska. Ku da muka saya da ƙwaryar nono?"

Suka yi ta yi har magariba. Da na ga Malam Modu mutum ne mai kai, na ja shi gefe na faɗa masa komai, har da maganar Adda. Ya leƙa bayan motar, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da yatsa.

"A kan wannan kuka kwana? Kai malamin makaranta ne ko? Mu da muka yi fatauci a kan manyan motoci mun san wanda ke ƙasa ya fi wanda ke sama muhimmanci."

Ya sa aka kawo damin harawa aka baje, aka ɗora buhunan da ba komai a ciki, sannan tabarma. Ya ce in sassauta gilashi kamar faɗin yatsa, in ba haka ba numfashinmu zai jiƙa komai kafin safe. Daga nan ya ɗauki shuɗiyar jakar, ya juya ta, ya ɗaga murya.

"Wai wannan ce Bafulatani yake tsoro? Mutumin da ke cika baki ya kori kura da sanda? To tunda bawa ya ƙi, ubangidansa ya samu." Ya tuɓe takalmi ya shige ciki, ya ja zif har wuya, ya lumshe ido. "Kai! Ɗumi kamar ɗakin mai jego. Yaro, ka ce wa tsohon ya nemi buhun gawayi, wannan ta zama tawa."

Baba ya miƙe tsaye. "Fito mini daga cikin kayana! Ɗana ne ya saya da kuɗinsa."

"Ai tsoro kake ji."

"Ni? Fito ka gani."

Haka Baba ya shiga, ya ja zif da hannunsa har haɓa, yana harara. Malam Modu ya ƙifta mini ido ya tafi gida. Ban ji motsin Baba ba sai munshari.

Da asuba ne aka yi abin da har yanzu in na tuna sai na yi dariya. Ladan ya kira salla, Baba ya ja zif, zif ya ciji bakin jallabiyarsa ya ƙi gaba ya ƙi baya. Na ja, na lallaɓa, ina! Ga shi zaune a ɗaure yana cewa, "Ai na faɗa, wanda ya shiga irin wannan ba ya fita." Na ruga na buga wa Zainabu ƙofa, ta zo da man shanu a murfin kwano, muka shafa wa haƙoran zif ɗin. Sai ga shi ya zuge sumul. Mun samu raka'a ta biyu. Tun daga ranar jakar take ƙamshin man shanu, Baba ya ce yanzu ne ta zama ta mutane.

Inna ta kira. Ta riƙe shi da hira ta fi minti goma, ina sane so take tarin ya kuɓuce. Ta tambayi kowa, har awakin Zainabu. Murya tas. Da ya miƙo mini wayar ta ce, "To. Ku gaida mutanen gabas." Na shiga bayan mota na yi rawa ni kaɗai, ba na jin kunyar faɗa.

Muka bi ta Yankwashi muka miƙe gabas. Mutumin da kwanan baya ya ce likkafani, yau shi ne ya ce kada a naɗe, zai ɗan miƙe a baya. Ya shige ya ja zif ya rufe fuska da rawani.

A Babura muka tsaya, don dai a ce an ga kasuwa. Na bar shi yana barci na zaga. Nan ne za ka tambayi kuɗin abu a ce maka "da naira ko da sefa?" Mutanen Nijar sun kawo wani burodi dogo kamar sanda, mai tauri a baya, na sayi biyu. Wani Buzu ya ba ni shayi a ɗan kofin da bai fi kurɓa biyu ba, mai ɗaci. Na shanye na miƙe zan tafi, ya ce ina, sai na sha na biyu da na uku, haka ake yi. Mu da muka saba da kofi cike da madara, na ga ikon Allah, amma na ukun ya yi zaƙi.

Gaba da Babura akwai shingen jami'an bakin iyaka. Wani ya zo ya gaishe ni, ya leƙa baya. Sai na ga ya ja da baya ya cire hularsa.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, Allah ya jiƙansa. Ina za a kai shi?"

Kafin in buɗe baki, Baba ya yaye rawani ya tashi zaune a cikin jakar ya ce, "Amin, ɗana, amma da saura tukuna." Bawan Allah ya yi tsalle har ya taka abokin aikinsa. Da suka gama dariya sai da kowannensu ya taɓa jakar ya tambayi inda ake samu, don su ma a waje suke kwana. Ɗanlami, in ka ga baƙi masu kaki a rumfarka, ni na turo su.

Da la'asar muka isa. Gidaje ne 'yan kaɗan da garken shanu, in ka miƙa hannu arewa ka nuna Nijar. Baba ya ce wa mijin Adda, "Kasuwa muka zo, hanya ta biyo da mu." Sai ga Adda ta fito tana dogara sanda. Ta yi furfura. Ta durƙusa da ƙyar can nesa ta ce, "Baba, sannu da hanya." Shi kuwa shanu yake kallo. Ya ce, "Yawwa. Ya yara?" Shi ke nan. Ta koma ciki.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Duk wannan zagaye, duk wannan fargaba, don kalma uku?

Da muka dawo daga sallar asuba sai na ga mutum zaune a kan turmi kusa da motar. Adda ce, da ɗan mayafi shara-shara, ta kawo ruwan zafi da kunu. Ashe tun tafiyarmu masallaci take nan tana jira. Sanyin wurin ya fi na ko'ina, fili ne fetal, tana ta murza gwiwarta.

Baba ya zauna a bakin motar ya ba ta gefe. Ya jawo shuɗiyar jakar, ya zuge ta gaba ɗaya, ya miƙo mini.

"Kai wa mai ƙafar nan. Ka nuna mata yadda ake jan zif. Ka ce a sa harawa a ƙasa, in ya cije a shafa man shanu."

Taku uku ne tsakaninsu. Na kai, na lulluɓa mata.

"Tambaye ta, tana shan maganin?"

Na juya na ce, "Adda, wai kina shan magani?"

Ta ce, "Ka ce masa ina sha. Ka tambaye shi ƙirjin."

Haka na zama tafinta tsakanin mutum biyu masu jin yare ɗaya. Ya tambayi ƙafar, da jikoki ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, da wata saniya da ya ba ta ranar aurenta, ko zuriyarta tana nan. Ta nuna masa su a garke. Rana ta fito ta yi sama ba su gama ba. Kunun ya huce. Adda tana magana hawaye na sauka a kan jakar, ni ma muryata ta fara sarƙewa, har Baba ya ce, "Kai kuma lafiya? In tari ne kada uwarka ta ji."

Mun shigo Kazaure kafin magariba. Inna ba ta ko amsa sallamata ba, ta sa shi ya ja numfashi sau uku tana saurare. Ba ta ji komai ba. Ta dube ni ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Na ji kamar an biya mini Makka.

Ina sauke kaya ta ga koriyar jakar ita kaɗai. Ta ce, "Ba biyu kuka tafi da su ba? Ina ta babanku?"

Baba yana kwance igiyar takalminsa, bai ɗago ba. Ya ce, "Na bar wa Hauwa."

Inna ta tsaya da buta a hannu. Daga baya ta faɗa mini rabon da ta ji sunan nan a bakinsa tun ranar da aka raɗa shi.

Shi kuwa ya tura takalmin gefe ya ce, "Habu, gobe ka koma wurin mai gwanjon nan. Shuɗiya nake so, kuma ka ɗaga ta ga rana kafin ka biya."